Wa Ya Zaɓa wa Maharbin Falgore Harsashinsa?

A ƙasashen da farautar manyan namun daji ta zama sana'a mai lasisi, irin su Tanzaniya da Zimbabuwe, babu gardamar da maharba suka fi so kamar ta harsashi: wanne ya dace da ɓauna, wanne ya ishi gwanki, wanne zai huda ƙoƙon kan giwa. An cika littattafai da wannan magana, har gwamnatoci suka sa baki da doka. A kudancin Kano kuwa, inda dajin Falgore ya shimfiɗu tsakanin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ga maharba tun kaka da kakanni, a da ma ga namun da suka isa a yi gardama a kansu, amma gardamar ba ta taɓa samun gindin zama ba. Mai saurin hukunci zai ce rashin sani ne, maharbinmu duk abin da ya samu yake cusa wa bindigarsa. Tarihin wurin bai goyi bayan haka ba. Maharban da suka gabata sun san bambancin makami da makami sarai, suna kuma auna kowanne da jikin dabbar da za a nufa da shi. Abin da ya faru shi ne hukuma ta karɓe zaɓin daga hannunsu, ta toshe musu hanya ta sama da ta ƙasa, ta bar su da makamin da ya fi kowanne raunata dabba ba tare da ya kashe ta ba.

Sai an fara da dajin kansa, domin ba haka kawai namun suka taru a can ba. A ƙarni na 19 wannan gefen na ƙasar Kano bakin daga ne. Tun daga shekarun 1840, da Malam Hamza da mutanensa suka fice daga Kano suka kafu a duwatsun Ningi, hare-haren Ningawa ba su bar kudanci da kudu maso gabashin masarautar sun huta ba, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ƙare yawancin mulkinsa yana fama da su. Jama'a suka tattare cikin garuruwa masu ganuwa, gona ba ta yin nisa da ƙofar gari, abin da ya rage tsakanin gari da gari ya koma kurmi. Ƙudan tsando ya hana shanu zama a bakin Kogin Kano da rassansa. Inda mutum da saniya suka ja baya, nan ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da gadu suka sake. Da Turawa suka killace wurin a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan aka mai da shi mafakar namun daji ta Falgore a ƙarshen shekarun 1960, fili ne da ya haura murabba'in kilomita 900, abin da yaƙi da ƙuda suka tsare ne suka zo suka shata wa iyaka.

Babbar dabba tana da sharaɗin da take gindaya wa duk mai son kashe ta, sharaɗin kuma bai canja ba tun zamanin kibiya. Ƙaton gwanki yakan kai kilo 270 ko fiye. Ɓaunar Afirka ta Yamma ba ta kai ta kudancin nahiyar girma ba, amma fatarta mai kauri ce, haƙarƙarinta faffaɗa ne, ƙasusuwan sun kusa haɗe juna, kafaɗarta kuma cike take da tsoka. Zuciya da huhu suna bayan duk wannan. Hanya biyu ce kawai ta kai mutuwa gare su. Ko dai makamin ya ratsa fata da tsoka da ƙashi ya isa can da ƙarfinsa, ko kuma ya tsaya a kusa amma ya aika wani abu ta cikin jini ya ƙarasa masa aikin. Duk wani makami da bai yi ɗaya daga cikin biyun ba, ciwo kawai yake ji wa dabba.

Maharban dauri hanya ta biyu suka bi, suka kuma gwanance a kanta. Kibiyar Bahaushe ƙarama ce, kyauro ne marar fuka-fuki da ɗan ƙarfe mai kunne a baki, ba ta da nauyin da za ta karya ƙashin ɓauna. Ƙarfinta yana ga dafin da aka shafa mata, wanda ginshiƙinsa 'ya'yan ƙwanƙwani ne, tsiron da masana magunguna na Turai suka gano a ƙarni na 19 cewa yana tsayar da bugun zuciya. Kowane gidan maharba da nasa haɗin, sirri ne da ba a faɗa wa bare, kuma dafin gada daban yake da na ɓauna a ƙarfi da yawa. Wannan shi ne zaɓin harsashi na wancan zamani. Da bindiga ta samu, maharban giwa ba su yarda da dalmarta ba, domin sun ga ba ta isa ba. Sai suka ƙirƙiro sango, wato gajeren mashi mai kaifin baki da aka laɓta wa dafi, a zura shi cikin bututun bindiga a bisa albarushi a harba daga kusa. Albarushi ya tura ƙarfen ya keta fatar da kibiya ba ta iya ketawa, dafi ya yi sauran. Da irin wannan makami ne maharban Hausawa suka bi giwa har Adamawa da cikin Kamaru a ƙarni na 19, haurenta yana biyo hanyoyin fatake zuwa Kano da bakin Binuwai. Mutumin da ya haɗa bindigar Turai da dafin kakanninsa don ya biya buƙatar da kowannensu shi kaɗai ya kasa biya, ba za a ce bai san abin da yake ɗurawa ba.

Akwai kuma wani ma'auni da maharbi Musulmi yake ɗauke da shi, wanda littattafan farauta na Turai ba su san da shi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren malami daga Bebeji har Doguwa, ta yi bayanin farauta: abin da kibiyarka ko mashinka ya kashe halal ne, in ka riske shi da rai ka yanka, amma in ya kwana ba ka gan shi ba to akwai magana, sai fa in an sami kibiyar a makasarsa, a wani ƙaulin. Malaman Malikiyya sun kuma yi shakka a kan naman da makami mai dafi ya kashe, tunda ba a tabbatar ko kaifin ne ya kashe ko gubar ba, shi ya sa maharbi yake bin sawu da gudu don ya riski dabbar kafin ranta ya fita. Game da dalma, malaman Fas na daga baya sun halatta abin da ta kashe bisa hujjar cewa tana hudawa tana zubar da jini. Ashe a nan ƙasar, makamin da ke kashewa da wuri kuma a kusa ba jin ƙai ga dabba kaɗai ba ne, shi ne bambancin nama da mushe.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, a shekarun 1770, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga cikin masu tsaronsa. Irin bindigar ita ce wadda 'yan kasuwar Turai suke saukewa a gaɓar teku, maƙera suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta. Ita ce bindigar toka, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Mai ita yakan tsayar da gindinta a ƙasa, ya zazzaga albarushi a tafin hannu ya auna da ido, ya zuba ta baki, ya cusa tsumma ko ɓawon itace ya danna da sanda, sannan ya zuba abin harbin: dalma in ya samu, in bai samu ba guntayen rodi da maƙeri ya sassara, ko ƙusoshi, ko ƙwallayen boris na keke. Ya sake danna wani tsumman. Cikin bututun sumul yake, babu abin da zai murza harsashin ya miƙar da shi, kuma ɗuri biyu ba sa taɓa zama daidai da juna. In damina ce albarushin ya sha sanyi, kunama ta faɗa wuta ba ta tashi ba, ko ta tashi bayan ɗan jinkiri lokacin da hannu ya riga ya motsa. In kuma an zarce wajen aunawa, bututun ya fashe a hannun mai shi. A taku ashirin ko talatin tana kayar da gada da mazo, har gadu. A jikin ɓauna kuwa guntun rodi yakan tsaya a tsokar kafaɗa.

Turawa ma daga nan suka faro, ba su fi kowa ba. Frederick Selous, wanda ya yi suna da harbin giwa a kudancin Afirka a shekarun 1870, da bindigar ɗuri ta baki ya fara, mai jefa dunƙulen dalma na gram 113, wadda shi da kansa ya ce dukan da take yi wa kafaɗarsa ya taɓa masa jijiyoyi har ƙarshen rayuwarsa. Dabarar lokacin ita ce a ƙara girman dalma, tunda baƙin albarushi ba ya iya ƙara mata gudu. Abin da ya sauya komai ya zo a 1884, da Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Da shi aka iya tura siririn harsashi mai tsawo, wanda aka yi wa riga ta ƙarfe, da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, ta cikin bututun da aka tsaga masa zare don harsashin ya fita yana juyawa. Ingila ta karɓi harsashin .303 a 1888, kamfanin Mauser na Jamus ya fito da 7x57 a 1892. A daidai wannan gaɓar, ranar 2 ga Yuli 1890, ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Burasal. Da sunan yaƙi da cinikin bayi, suka hana sayar wa mutanen Afirka bindigogi na zamani a duk faɗin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, suka bar musu bindigar ƙyastu marar zare da albarushin kasuwa. Ko shekara goma ba a yi da gano sabon harsashi ba aka yanke hukuncin wanda zai riƙe shi.

Mutanen Bebeji suna cikin na farko a ƙasar Kano da suka ɗanɗana abin da wannan hukunci yake nufi. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji ɗari bakwai da ɗoriya, da igwa da bindigogi masu jigida, a Bebeji ta fara gamuwa da turjiya. Igwa ta fasa ƙofar garin, aka kashe sarkin garin da wasu mutanensa, ranar 3 ga Fabrairu kuma Kano ta faɗi. Sabon harsashi da yaƙi ya shigo wannan ƙasa, kuma tun daga ranar hukuma ba ta taɓa kallonsa a hannun talaka a matsayin kayan sana'a ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne na ƙirƙirar harsasan da har gobe ake auna sauran da su. A 1905 Otto Bock na Balin ya fito da 9.3x62 don manoman Jamus da ke zaune a Afirka, Jeffery ya fito da .404 a wannan shekarar, Rigby ya kawo .416 a 1911, Holland & Holland suka kawo .375 a 1912. Wannan na ƙarshen yana jefa kai mai nauyin gram 19 da 'yan kai da gudun kusan mita 760 a daƙiƙa, shi ne ma Tanzaniya ta mayar mafi ƙanƙancin abin da za a tunkari ɓauna ko giwa da shi. Abin da maharban wancan zamani suka koya da jini, wani lokaci nasu, shi ne faɗin harsashi rabin magana ne, sauran rabin yana ga ƙirar kansa. Mai taushin baki, wanda aka bar dalmarsa a waje, yana buɗewa in ya shiga nama, ya yi wa huhu da zuciya ɓarna mai faɗi, shi ya dace da gwanki da kanki da gwambaza. Mai rufaffen baki ba ya buɗewa, yana tafiya ne kai tsaye ta cikin ƙashi, shi ake nufar kan giwa da shi, ko ɓaunar da ta juyo. Abin mamaki a nan shi ne harsashi mai buɗewa, wanda ya samo laƙabinsa daga ma'aikatar makamai ta Dum Dum kusa da Kalkata, taron Heg na 1899 ya haramta shi a yaƙi don yana wa ɗan Adam mummunan rauni, a farauta kuwa shi ake so, don wannan raunin ne yake gajarta wa dabba wahala. Duk wannan ilimi yana hannun Razdan da Di'o da Turawan haƙar kuza na Riruwai. Maharbin Tudun Wada, in an yi sa'a, shi ne mai nuna musu sawu.

Da an tsaya a hana shi raifil, da maharbin ya ci gaba da hanyarsa ta da. Sai doka ta biyo ta ƙasa. Najeriya ta yi dokar kare namun daji a 1916. Yarjejeniyar Landan ta 1933 ta buƙaci ƙasashen mulkin mallaka su hana farauta da guba da makami mai dafi, da tarko da rami, da haska fitila a idon dabba, da kewaye daji da wuta. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi aji-aji, wasu ba a taɓa su sam, wasu sai da lasisi. Ita kuma dokar bindigogi ta 1959, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta kasa makamai uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, a ciki har da raifil masu faɗin baki irin na soja: 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303. Kashi na biyu, inda raifil ɗin farauta da bindigar harbin tsuntsaye suke, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki, waɗanda lasisinsu yake hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A takarda ba a ce kada Bakano ya mallaki .375 ba. A aikace, manomin Doguwa da ke farauta da rani ba shi da kuɗin bindigar, ba shi da hanyar isa ga Sufeto Janar, ba shi da inda zai sayi kwanso ko ɗaya. Dafi ya zama laifi, raifil ta zama ta manya, abin da ya rage a tsakani shi ne bindigar toka.

Sakamakon wannan a daji ake ganinsa. Maharbi mai bin sawun dabbar da ya harba yana karanta jini a kan ciyawa. In ja ne mai haske da kumfa, huhu ya samu, ba za ta yi nisa ba. In baƙi-baƙi ne haɗe da ɗanyar ciyawa da warin tumbi, ciki ya fasa, tana iya kwana biyu tana tafiya kafin ta mutu a inda kura da ungulu ne kawai za su amfana. In ɗigo ne nan da can sannan ya ɗauke, ƙarfen yana cikin tsoka, dabbar za ta rayu da ruɓaɓɓen gyambo. Ɓauna mai irin wannan ciwo ita ce mafi haɗarin abin da ke daji, domin takan shiga duhuwa ta kewayo ta tsaya a gefen sawunta tana jiran mai binta, ko mai itace, ko makiyayin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Makamin da ba ya ratsawa yana tilasta wa mai shi ya harbi dabbobi da dama kafin ya kai ɗaya gida, kuma waɗanda suka tsere da rauni ba sa shiga lissafin kowa.

Za a ce ai gwaninta ta fi makami, kuma akwai shaidar da ake yawan kawowa. Walter Bell, wanda ake kira Karamojo, ya kashe giwaye fiye da dubu a farkon ƙarni na 20, mafi yawansu da 7x57, harsashin da kansa gram 11 ne da 'yan kai, wanda a yau doka ba za ta bari a nufi giwa da shi ba. In haka ne, in ji masu wannan ra'ayi, gwanin maharbi da bindigar toka ma ya isa. Amma labarin Bell hujja ce a kansu. Mutumin ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, sannan ya ƙi kowane harsashi sai mai rufaffen baki, don shi ne yake tafiya a miƙe cikin ƙashi ba ya tarwatsewa. Gwanintarsa ta yi amfani ne don harsashin yana zuwa inda ya nufa kowane lokaci, yana kuma ratsawa. Maharbin Falgore bai gaza Bell sanin daji ba, wajen sanɗa ma wataƙila ya fi shi, tunda dole ya matso taku ashirin. Amma iya saiti ba ya amfanar wanda guntun ƙarfensa yake fita yana tangal-tangal, kuma sanin inda zuciya take ba ya ƙara wa rodi ƙarfin keta haƙarƙari.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ba kuma za a ture ta da baki ba. Ana cewa da an sakar wa kowane maharbi raifil, da namun sun ƙare tun kafin a sami 'yancin kai, kamar yadda giwaye suka ƙare a wurare da yawa na kudancin Afirka a hannun masu neman haure. Gaskiya ne makami mai kyau a hannun da babu mai ƙidaya masa yana share daji. Sai dai a duba abin da ya faru a inda aka hana. Manyan namun kudancin Kano sun tafi duk da haka, kuma ba harsashi ne babban dalili ba. Cutar bushiya da ta ratso Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1890 ta kashe ɓauna tare da shanu, ta sake dawowa Najeriya a farkon shekarun 1980. Zaman lafiya ya fitar da mutane daga cikin ganuwa, kurmin da Ningawa suka tsare ya zama gona. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta kammala a 1974 a ƙasar Bebeji, ta shanye fadamun Kogin Kano a arewacin dajin, ta jawo masunta da manoman rani. Shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa sun matso har bakin iyaka, titin Kano zuwa Jos ya ratsa ta tsakiya, garken shanu da masu gawayi suka shiga. A Kiru, dajin Ɗansoshiya gwamnatin jiha ta ware shi don zaunar da makiyaya. Ƙasashen da suka riƙe ɓaunarsu ba ta hanyar ba maharbi makami marar kyau suka riƙe ta ba. Sun tsare filin, sun ƙayyade adadin da za a kashe a shekara, sannan suka wajabta harsashin da zai kashe nan take. Mu kuwa mun ƙayyade makami muka bar fili da adadi a sake.

Hanin kuma bai hana harsashin zamani shiga dajin ba, mai riƙe shi kawai ya zaɓa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da yaƙe-yaƙen Chadi na shekarun 1980, da rushewar Libiya a 2011, kowanne ya malalo da makaman soja cikin ƙasa. Harsashin AK-47 kansa gram 8 ne, ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku na .375 ba sai da kaɗan, an kuma ƙera shi ne don mutum. A jikin babbar dabba ba ya ratsawa sosai, ba ya buɗewa, mai shi yana rama wannan ne da yawan harbi, ya feshe garke, ɗaya ta faɗi, da dama su tafi da rauni. Ya ɗauki aibin bindigar toka ya ninka shi da saurin inji. Masu riƙe da shi a Falgore ma yawanci ba nama ya kai su ba. Dajin ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi a kan hanya da ɓarayin shanu da masu satar mutane, har a 2017 sojoji suka yi atisayen Harbin Kunama na biyu a cikinsa, aka kuma ba su wani sashe ya zama filin horo. Maharban gargajiya, da sarakunan bakansu da 'yan tauri, su aka riƙa nema su shiga gaba a sintiri saboda sun san kowane rafi, suna saɓe da bindigar da sai an yi minti guda ana ɗura mata kafin ta sake tashi.

Wani zai ce tunda ɓauna ta zama labari a Falgore, wannan magana ta wuce lokacinta. Maharban dai ba su wuce ba. Da dajin gida ya ƙare, sai suka riƙa tafiya nesa, ƙungiya-ƙungiya da karnukansu, har dazuzzukan kudu, su yi watanni su dawo da abin da suka samu. A watan Maris na 2025, wasu daga cikinsu suna dawowa daga Fatakwal don yin Ƙaramar Salla a gida, 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Yawancinsu 'yan ƙasar Bunkure ne. Bindigogin da aka kama su da su na kashi na uku ne a jadawalin 1959, irin waɗanda yarjejeniyar Burasal ta bar wa ɗan Afirka a 1890 bisa dalilin cewa ba su da haɗari ga hukuma.